Yadda Ake Gane Dangin Kuka, Kuɓewa da Goro a Gona da Kasuwa

Duk shekara idan na gaya wa ɗaliban aikin gona a nan Gombe cewa kuka da kuɓewa dangi ɗaya ne, sai an samu wanda zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, kukar da mutum biyar ba sa iya rungume gindinta, da kuɓewar da ake shukawa a ci bayan wata biyu?" Ba na amsa masa da baki. Fure nake sa wa a hannunsa tare da reza, domin gani ya kori ji. Wannan jagora irin aikin da muke yi ne a ranar, na rubuta shi yadda ɗalibi, manomi ko uwargida za su iya yi da kansu ba tare da ɗakin gwaji ba.

Tsatson da za mu bi shi ne wanda masana tsirrai suke kira Malvales. Na zaɓe shi ne don da wuya rana ta fito ta faɗi Bahaushe bai taɓa wani abu daga cikinsa ba: miyar kuka, ɗanyar kuɓewa da busasshiya, lalo, kwaɗon rama, yakuwa a fate, zoɓon sha, goron da ake rabawa a ɗaurin aure, har da audugar rigar da ke jikinsa.

Ka fara riƙe tsanin

Kafin ka fita gona, ka san yadda aka jera matakan. Na ƙasa shi ne iri, kamar kuɓewa ita kaɗai. Irin da suka yi kusa ana haɗa su gida ɗaya: rama da yakuwa 'yan gidan Hibiscus ne. Gidaje su taru su zama dangi, dangogi su taru su zama tsatso. Ƙarshen suna yana gaya maka matakin da kake kai. Idan ya ƙare da "aceae" dangi ne, idan da "ales" tsatso ne, idan kuma da "oideae" reshe ne a cikin dangi.

Sunan iri kalma biyu ne, ta farko gidan, ta biyu shi kansa. Carl Linnaeus, masanin ƙasar Suwidin, shi ya daidaita wannan tsari a shekarar 1753. Kuka ita ce Adansonia digitata: kalmar farko don tunawa da Michel Adanson, Bafaranshen da ya yi nazarin tsirrai a Senegal, ta biyu kuma tana nufin mai yatsu, saboda ganyenta kamar buɗaɗɗen hannu yake. A tsarin rarraba tsirrai masu fure da ake kira APG, wanda ya fara fitowa a 1998 aka sabunta shi a 2003 da 2009 da 2016, tsatson Malvales yana da dangogi 10 da iri wajen 6,000. Fiye da 4,000 daga ciki suna dangi ɗaya, wato Malvaceae, kuma kusan duk abincinmu na wannan tsatso a nan yake.

Kayan aiki da lokaci

Sabuwar reza, gilashin ƙara girma irin na masu gyaran waya ko agogo, tsofaffin jaridu, kwali, katako biyu, littafi da fensir, sai leda mai ɗan ruwa a ciki don kada ganye ya yi yaushi kafin ka koma gida.

Lokaci ya fi kaya muhimmanci. Furen kuɓewa da safe yake buɗewa, kafin la'asar ya rufe ya fara zubewa, don haka ka je gona da hantsi. Daga Agusta zuwa Oktoba za ka samu kuɓewa, rama, lalo da auduga cikin fure. Yakuwa tana jira sai damina ta ja baya, wajen Satumba da Oktoba. Kuka tana fure ne da shigowar damina, rimi da gurjiya kuwa sai hunturu, bayan sun zubar da ganye. Da rani, gonakin noman rani na Dadin Kowa za su ba ka kuɓewa mai fure. Ka nemi izinin mai gona, kuma ka tsinko reshe mai ganye da fure da ɗa tare, ba ganye tsura ba.

Mataki na farko: ganye da jiki

Ka duba yadda ganye ya zauna a kara. A wannan dangi ganye ɗaya ne a kowace gaɓa, wannan dama wancan hagu, ba biyu suna kallon juna ba. Ka juya bayan ganyen ka ga jijiyoyi: galibi uku, biyar ko bakwai ne suke tashi daga wuri ɗaya a gindin ganye su bazu kamar yatsu. A inda sandar ganyen ta haɗu da kara akwai wasu 'yan kunnuwa biyu sirara. Sukan faɗi da wuri, sai ka neme su a sabon toho.

Yanzu ka sa gilashi a bayan ganyen auduga ko dargaza. Za ka ga gashin ba tsaye yake ɗaiɗai ba, curi-curi yake, kowanne ya rabu kamar tauraro. Wannan gashi mai siffar tauraro babbar alama ce ta dangin, sai dai ba kowane iri yake da shi a fili ba. Yakuwa kusan sumul take.

Sai ka karya reshe ka ja ɓawon. Ba ya tsinkewa gutsi-gutsi, sai ya biyo hannunka dogo kamar zare. Wannan ne ya sa kakanninmu suke tufka igiya da rama da ɓawon kuka, kuma shi ne ya sa buhun garara da ake zuba gyaɗa da hatsi a da daga ɗan gidan lalo ake saƙa shi a Indiya da Bangaladash.

Mataki na biyu: yauƙi, da inda yake yaudara

Ka murje ganye da ɗigon ruwa tsakanin yatsunka, ka buɗe yatsun a hankali. Lalo zai ja zare, kuka ma haka, kuɓewa ba a magana. Rama da yakuwa nasu kaɗan ne, tsami ya fi yawa, amma idan ka murje furensu za ka ji santsin. Yauƙin yana cikin wasu ƙananan ma'ajiyai a jikin tsiron, kuma gado ne na dangin. Shi ne abin da yake riƙe ɗanwake idan aka kwaɓa shi da garin kuka da kanwa, shi ne kuma abin da ake nema a ɓawon dargaza idan aka jiƙa shi.

A nan ne mafi yawan masu koyo suke zamewa. Wata rana a kasuwa na tsaya wajen wata dattijuwa mai kayan miya ina haɗa samfuri. Ta ga na ware kuka da kuɓewa da lalo gefe ɗaya, sai ta tura mini ƙullin karkashi ta ce, "Ɗana, ka manta babbansu, ai wannan ya fi su yauƙi." Na ce, "Inna, a tukunya ƙawarsu ce, amma a jini 'yar gidan riɗi ce." Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce ai kuwa furensu iri ɗaya ne da na riɗi, tun tana yarinya take gani a gonar mahaifinta. Ta riga ta san hujjar, suna ne kawai ba a ba ta ba. Furen karkashi haɗe yake kamar ƙaho, zaruruwan mazansa huɗu ne kacal, kuma tsatsonsa Lamiales ne, inda ɗoɗɗoya da ɗinya suke.

Ganye ma yana yaudara. Ganyen ɗinya yatsu biyar ne kamar na kuka, amma biyu-biyu yake fitowa suna kallon juna. Rogo da gwanda ganyensu kamar tafin hannu ne, amma ka karya za ka ga farin nono, abin da kuɓewa da kuka ba su da shi. Kama da wane ba ta wane. Alama ɗaya ba ta isa hukunci ba, sai uku ko huɗu sun haɗu, kuma babbar shaida tana cikin fure.

Mataki na uku: buɗe fure

Ka fara da kuɓewa, don furenta babba ne. Ka riƙe shi ta ƙasa ka bi shi daga waje zuwa ciki, kana rubuta adadin duk abin da ka gani.

A can ƙasa akwai wasu sirara korra kamar yatsu, galibi takwas zuwa goma, sun kewaye gindin furen. Wannan shi ne ƙoƙon waje, ƙari ne a kan ƙoƙon da yawancin furanni suke da shi. A samansu sai ƙoƙon ainihi, wanda ya lulluɓe furen tun yana toho. Sai ganyayyakin fure masu launi guda biyar, ruwan ɗorawa mai haske, gindinsu ja wur har ya yi duhu. Ka lura da yadda kowanne ya hau gefen na kusa da shi, duk sun murɗe ɓangare ɗaya kamar an naɗe tabarma.

Sannan ka dubi tsakiya. Akwai wata sanda tsaye, jikinta cike da ƙananan kawuna masu garin fure. Waɗannan su ne mazan furen, masu yawa ƙwarai, amma maimakon kowanne ya tsaya da ƙafarsa, sun manne sun zama bututu ɗaya. Ka ɗauki reza ka tsaga bututun a tsaye a hankali. A ciki za ka tarar da farin zare ya ratsa shi ya fito ta sama ya ƙare da 'yan ƙulle-ƙulle jajaye masu laushi, biyar ko fiye. Wannan ita ce macen furen. Ka bi ta ƙasa, za ta kai ka ga wani ɗan ƙullutu kore, zaune a saman gindin furen. Shi ne zai zama kuɓewar da za a yanka. Ka yanka shi a kwance, ka ga ɗakuna biyar ko fiye da 'ya'ya jere a tsakiya, daidai da abin da uwargida take gani kullum a kan faranti.

Ban taɓa gajiya da kallon fuskar ɗalibi a daidai wannan lokaci ba. Abin da yake ci tun yana goye, yau ya ga yadda aka gina shi.

Idan ka gane wannan bututu, ka riƙe mabuɗin reshen Malvoideae. Yanzu ka jera 'yan reshen ka bambanta su. A kuɓewa, ƙoƙon ainihi yana tsagewa ta gefe ɗaya ya faɗi tare da furen. A rama da yakuwa ba ya faɗuwa, yana nan rungume da ɗan har ya nuna. Wannan bambanci yana cikin dalilan da suka raba su gida: Linnaeus ya sa kuɓewa a gidan Hibiscus, amma a 1794 wani masanin Jamus mai suna Conrad Moench ya mayar da ita Abelmoschus esculentus. A yakuwa, Hibiscus sabdariffa, ƙoƙon nan ne yake kumbura ya yi tsoka ya yi ja bayan furen ya faɗi. Wato zoɓon da muke jiƙawa ba fure ba ne kuma ba ɗa ba ne, ƙoƙo ne. Ɗan yana ciki, kuma da 'ya'yansa ake yin daddawar batso. Rama, Hibiscus cannabinus, karanta yana da 'yan ƙayoyi, ƙoƙonta busasshe ne mai ƙaiƙayi.

Auduga kuwa ƙoƙon wajenta ba yatsu ba ne, manyan ganye uku ne masu haƙora. Furenta fari-fari yake buɗewa, washegari ya koma ja-ja. Ka sa gilashi a ganye ko ƙoƙon za ka ga baƙaƙen ɗigo-ɗigo. A cikinsu akwai wani guba mai suna gosifol, wanda ya sa sai an tace man angurya sosai kafin a ci, kuma dusarta ta fi dacewa da shanu a kan kaji. Mu da muka tashi a ƙasar da auduga ta gina, daga Gombe zuwa Kumo, bai kamata a ce ba mu san furenta ba.

Mataki na huɗu: waɗanda suka saɓa kama

Sauran rassan dangin ba su bi tsarin kuɓewa sak ba, kuma a nan ake bukatar haƙuri.

Ka je gindin kuka da magariba a farkon damina. Furenta fari ne babba, yana reto ƙasa a doguwar igiya, da dare yake buɗewa, jemagu ne suke kai garinsa daga wannan fure zuwa wancan. Da safe ka tsinci wanda ya faɗo. Bututun nan yana nan, gajere mai kauri, sai dai a ƙarshensa ya tarwatse ya zama dunƙulen zaruruwa ɗaruruwa kamar tuntun hula. Ka sa shi kusa da na kuɓewa, amsar tambayar ɗalibina ke nan. Kuka, rimi da gurjiya suna reshen Bombacoideae, duk ganyensu mai yatsu ne. Ƙoƙon jan furen gurjiya ana shanya shi a yi miya mai yauƙi. Wani abin lura: kuka tana ƙarama ganyenta falle ɗaya ne, ba yatsu, shi ya sa ake cire ta a gona a zaton ciyawa ce.

Lalo ba shi da bututu ko ƙoƙon waje. Furensa ɗan ƙarami ne ruwan ɗorawa, mazansa a sake suke. Alamarsa tana ganye: haƙora biyu na ƙarshe a gindin ganyen sun zarce sun zama siraran wutsiyoyi. Gidansa Corchorus ne, kuma ɗan ne yake raba irinsa. Idan dogon kwanson ya ƙare da baki ɗaya, olitorius ne, wanda Yarbawa suke kira ewedu. Idan ya ƙare da ƙahoni uku, tridens ne. Sunayen lalo, ayoyo da tungurnuwa suna sauya ma'ana daga gari zuwa gari, don haka kwanson za ka amince wa. Lalo da dargaza suna reshen Grewioideae.

Goro ba ya yi a yankinmu, daga kurmi yake zuwa, saboda haka a faifan mai goro za ka yi aikin. Ka ɓare ɗaya. Idan ya rabu biyu, Cola nitida ne, goron da muka saba. Idan ya rabu uku ko fiye, Cola acuminata ne, wato hannunruwa. Furen goro ba shi da ganyayyaki masu launi, ƙoƙon ne yake ɗaukar launin. Ɗan'uwansa na kusa da ke dajinmu shi ne kukkuki, duka a reshen Sterculioideae. Namijin goro kuwa, duk da sunan, ba ya cikin tsatson ma baki ɗaya. Sunansa Garcinia kola, yana tsatson Malpighiales tare da rogo. Kokon da ake cakulan da shi, wanda asalinsa Kudancin Amurka ne kuma ake nomawa a jihohi irin su Ondo, shi ne ɗan dangin goro na gaskiya.

Mataki na biyar: idan littafinka ya ce daban

Za ka buɗe wani littafi ka ga an sa kuka a Bombacaceae, goro a Sterculiaceae, lalo a Tiliaceae. Ba kuskure marubucin ya yi ba, tsarin zamaninsa ke nan, kuma shi ne a manyan littattafan tsirran Afirka ta Yamma na John Hutchinson da J. M. Dalziel. Tun a wancan lokaci an san dangogin nan uku da Malvaceae makusanta ne. A shekarun 1990, binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa iyakokin da aka shata tsakaninsu ba su bi asali ba, sai aka haɗe su a Malvaceae aka raba ta rassa tara. Shawarata ga ɗalibi: ka rubuta sabon suna, ka ambaci tsohon a gefe, ka kuma tambayi malaminka tsarin da manhajarku take bi.

Sauran dangogin tsatson ba su da yawa a wajenmu, amma biyu sun cancanci ka san su. Rawaya, wadda furenta yake fitowa daga ƙasa bayan an ƙona daji kuma ake daka saiwarta don launin miya, tana dangin Bixaceae. Dangin Thymelaeaceae kuwa shi ya ba duniya icen turaren al'ud daga dazuzzukan Asiya, shi kuma ya ba mu tururubi, mai kashe dabba idan ta ci. Ina jaddada wannan da gaske: sanin tsatso ba izinin ci ba ne. Ko lalon da muke miya da ganyensa, 'ya'yansa suna da guba mai taɓa zuciya. Tsiron da ba ka san an saba ci ba, kada ka kai baki, kuma kada ka bar yara su ɗanɗana da sunan gwaji.

Mataki na shida: adana abin da ka gano

Ka shimfiɗa reshen a cikin jarida, ka juya ganye ɗaya bayansa ya kalli sama, ka buɗe fure ɗaya don bututun ya fito. Ka ɗora kwali, ka sake jarida da wani samfurin, ka matse duka tsakanin katako biyu da dutse a kai. 'Yan wannan dangi saboda yauƙinsu suna saurin yin fumfuna, furen kuma yana manne wa takarda. Na taɓa asarar aikin aji guda a watan Agusta don mun bar jaridun kwana uku ba sauyi, muka buɗe muka tarar duk sun yi baƙi. Ka sauya jarida kullum a kwana huɗu na farko, sannan bayan kwana bibbiyu, har ganye ya bushe ƙayau, mako ɗaya zuwa biyu. Kuɓewa da zoɓo masu tsoka ka tsaga su biyu kafin matsewa, busassun kwanso da guntsun kuka kuma ka sa a ambulan daban.

Idan ya bushe, ka manna shi a takarda mai kauri, wajen santimita 29 da 42. A kusurwar ƙasa ka rubuta tsatso, dangi, sunan kimiyya da layi a ƙarƙashinsa, kalmar farko da babban baƙi ta biyu da ƙarami. Ka sa garin da ka tsinko, kwanan wata, irin ƙasar, da launin furen yana ɗanye, domin zai dushe. Wanda ya gagare ka, ka kai shi sashen nazarin halittu na Jami'ar Jihar Gombe ko ta Tarayya da ke Kashere, ko Kwalejin Noman Lambu ta Tarayya da ke Dadin Kowa, ka nemi a taimaka maka.

Layin da na fi damuwa da shi shi ne na sunan gida. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916, kuma har yau masana suna komawa gare su. Jiharmu tana da Fulfulde, Tangale, Tera, Waja, Bolanci da wasu harsuna, kowanne da sunan da yake kiran dargaza da gurjiya, kuma tsofaffin da suka san su suna raguwa. Ka ɗauki takardar ka kai wa kakarka ko wani dattijo a unguwa, ka tambayi sunan tsiron a harshensa, wane ɓangare ake ci, da wane wata ake samunsa. Ka rubuta yadda ya faɗa, da harshen da garin, a ƙarƙashin sunan kimiyyar.